Zaɓen Baƙin Mai Da Man Giya: Darasi Ga Masu Harka Da Motoci A Abuja

ABUJA. Tun daga watan Mayu na ‎2023 da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, sannan a watan Yuni na wannan shekarar aka bar kasuwa ta riƙa tsayar da darajar naira, lissafin riƙe mota ya sauya a Nijeriya. Dalar Amurka wadda ake canzarwa a kan kimanin naira 460 a hukumance a farkon Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a cikin Fabrairun 2024. Da yake injuna da giyabos ɗin da ake sayarwa a kasuwannin kayan mota na Apo da Zuba daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi sawun dala. Saboda haka ɗan kasuwar da ke da motocin raba kaya, ko na haya, ko na zirga-zirgar ma'aikata, ya wajaba ya ɗauki zaɓen baƙin mai da man giya a matsayin shawarar kare jari, domin galan ɗaya na man da bai dace ba yana iya jawo asarar injin da kuɗinsa ya ninka na galan ɗin sau da yawa.

Asalin baƙin mai da rabe-rabensa

Kowane baƙin mai haɗi ne na abubuwa biyu. Na farko shi ne tushen mai, wanda shi ne kaso mafi yawa. Na biyu kuwa sinadaran ƙari ne, waɗanda ke wanke datti, suna hana tsatsa da kumfa, suna kuma rage cin ƙarfe. Cibiyar man fetur ta Amurka, wato API, ta kasa tushen mai gida biyar. Rukuni na ɗaya da na biyu su ne man gargajiya da ake tacewa daga ɗanyen mai. Rukuni na uku shi ma daga ɗanyen mai yake, amma an sarrafa shi da iskar haidurojin a ƙarƙashin matsanancin zafi da matsi har ƙwayoyinsa suka daidaita. Rukuni na huɗu, wanda ake kira PAO, a masana'antar sinadarai ake ƙera shi, rukuni na biyar kuma ya tattara sauran nau'o'i irin su esta.

Man sintetik ya daɗe a duniya. Masana a Jamus sun yi aiki a kansa tun shekarun 1930, kamfanin Mobil kuma ya fito da Mobil 1 ga masu ƙananan motoci a 1974. A 1999 aka yi jayayya tsakanin Mobil da Castrol a gaban wata hukumar sa ido kan tallace-tallace a Amurka, inda aka yanke cewa ya halatta a kira man rukuni na uku da sunan sintetik. Tun daga nan mafi yawan man da ke ɗauke da wannan suna a kasuwa na rukuni na uku ne. Wanda ake kira rabin sintetik kuwa gauraye ne na iri biyun, kuma babu wani ƙayyadadden kaso da aka tilasta wa kamfani ya zuba. Darasin da ke cikin wannan shi ne, kalmar sintetik a jikin galan ba ta isa hujja ba, sai an duba lambobin da ke biye da ita.

Fifikon man sintetik na gaskiya yana wajen juriya. Ba ya saurin ƙonewa ko daskarewa ya zama laka a cikin inji idan zafi ya yi yawa, kaurinsa ba ya sauyawa sosai tsakanin sanyi da zafi, kuma yana saurin isa ga sassan inji da zarar an tayar da mota.

Dalilin tsadarsa a Nijeriya shi ne, duk da arzikin man fetur, ƙasar tana shigo da tushen mai da sinadaran ƙari daga waje. Sashen yin tushen mai na matatar Kaduna, wanda ya fara aiki a 1983, an gina shi ne don sarrafa ɗanyen mai na ƙasashen waje irin su Benezuwela da Saudiyya, kuma ya shafe shekaru masu yawa ba ya aiki. Kamfanonin da ke haɗa baƙin mai a cikin gida, kamar TotalEnergies da Conoil da MRS, da Ammasco a Kano, da Lubcon a Ilori, duk da dala suke sayen kayan haɗinsu.

Lambobin kauri

Lambobi irin su 5W-30 da 20W-50 ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE. Lambar da ke gaban harafin W tana nuna yadda man ke gudana cikin sanyi, ta biyun kuma tana nuna kaurinsa a zafin digiri 100 na ma'aunin Salsiyos. A wannan zafin, mai lamba 20 yana tsakanin 6.9 da 9.3 a ma'aunin santistok, mai lamba 30 yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai lamba 50 kuwa yana tsakanin 16.3 da 21.9. Wato 20W-50 ya yi kusan ninki biyu na kaurin 0W-20 a cikin injin da ya ɗau zafi.

A garejoji da dama na Abuja akwai fahimtar da ta samo asali tun zamanin Peugeot 504 da kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna, cewa ƙasar zafi sai mai mai kauri. Wannan magana ta dace da injunan wancan lokaci, waɗanda tazarar da ke tsakanin ƙarafansu take da faɗi. Injunan Toyota da Honda da suka cika titunan Abuja a yau an ƙera su da matsattsun hanyoyin mai, kuma na'urar da ke daidaita buɗewar bawul, irin VVT-i ta Toyota, da matsin baƙin mai take aiki. Mai mai kauri fiye da kima yana jinkirin isa gare ta, yana kuma ƙara shan fetur. Bugu da ƙari, zafin cikin inji yana tsayawa ne a wajajen digiri 90 zuwa 100 ko a Abuja ko a Landan, domin tamostat da lagireto ne ke tsayar da shi. Cire tamostat da wasu kanikawa ke yi yana hana inji kai wa zafin aikinsa da wuri, sai fetur da tururin ruwa su taru a cikin man su lalata shi.

Abin dogaro shi ne littafin mota, ko rubutun da ke kan murfin zuba mai. Alal misali, Camry ƙirar 2002 zuwa 2006 an rubuta mata 5W-30, mafi yawan Corolla da Camry na kasuwar Amurka da suka biyo baya 0W-20, Camry mai silinda huɗu ƙirar 2018 kuma 0W-16. Littattafan Toyota sun ambata cewa mai da ya ɗan ɗara kauri yana iya dacewa idan mota tana gudu mai tsanani ko ɗaukar nauyi. Hawa mataki ɗaya irin wannan daban yake da tsallakawa zuwa 20W-50. Injin da ya tsufa har yana shan mai ana iya lallaɓa shi da mai mai ɗan kauri, amma wannan jinkirta gyara ne kawai, domin ringin da ya cinye sai an sauya shi.

Lambobin inganci

Bayan kauri sai darajar API. Ta injin fetur tana farawa da harafin S, kuma duk lokacin da harafi na biyu ya matsa gaba, ma'aunin ya ƙara tsauri: SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, sai SQ a 2025. Sabuwar daraja tana maye gurbin tsohuwa, amma tsohuwa ba ta isar sabuwar mota. Ƙananan injuna masu tabo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna bukatar aƙalla SN Plus ko SP, domin an tsara su ne don hana fetur kamawa kafin lokacinsa, matsalar da kan fasa fistin. Injin dizal yana bin harafin C, kamar CI-4 da CK-4. Motocin Turai irin su Mercedes-Benz da BMW da Volkswagen suna bin ma'aunin ACEA tare da lambar amincewar kamfaninsu, wadda ya kamata a gan ta a bayan galan.

Yaushe za a yi juye

Toyota ta ba motocinta na Amurka masu amfani da 0W-20 sintetik tazarar mil 10,000 ko shekara ɗaya a yanayin tuƙi na yau da kullum, amma ta rage zuwa mil 5,000 ko wata shida ga motar da ke bin hanya mai ƙura ko take daɗewa a kunne ba ta tafiya. Motar da ke shiga cunkoson Nyanya da Mararaba safe da yamma, ko ta Kubwa da Lugbe, ga ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ga zafin bazara na Maris da Afrilu, tana cikin aji na biyu. Har ila yau a lura cewa agogon motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil yake ƙirga, kuma mil 5,000 daidai yake da kimanin kilomita 8,000. Yin baƙin man kaɗai ba alamar mutuwarsa ba ce, domin aikinsa ne ya riƙe datti.

Lissafin ɗan kasuwa shi ne kuɗin kowace kilomita. A ƙaddara, don misali kawai, galan na man gargajiya naira 20,000 ne ana juye shi a kilomita 4,000, na sintetik kuma naira 45,000 ana juye shi a kilomita 8,000, sannan filta da ladan bakanike naira 8,000 a kowane juye. A tafiyar kilomita 40,000 mai man gargajiya zai yi juye goma a kan naira 280,000, mai sintetik kuma juye biyar a kan naira 265,000, ya kuma tsira da ranakun aiki biyar da motarsa za ta yi a gareji. Amma idan ya sayi sintetik ya ci gaba da juyewa a kilomita 4,000, kuɗinsa zai kai naira 530,000. Ribar sintetik tana samuwa ne idan man na gaskiya ne, filta mai kyau ce, kuma an bar shi ya cika wa'adinsa.

Man giya

A nan kuskure ya fi tsada. A giyar otomatik man ba santsi kawai yake bayarwa ba, shi ne ke ɗaukar ƙarfin inji, yana matse faifan kuloci, yana kuma sanyaya giyabos. Don haka kowane kamfani ya tsara wa giyarsa mai mai takamaiman santsi. Dexron na General Motors ya fito a 1967, kamfanin ya daina bayar da lasisin Dexron III a ƙarshen 2006 bayan fitowar Dexron VI. Toyota tana da T-IV ga tsofaffin motoci da WS ga na baya, Honda tana da DW-1 wanda ya gaji Z1, Hyundai da Kia kuma SP-III da SP-IV.

Giyar CVT, wadda ke aiki da ɗamarar ƙarfe a tsakanin fulai biyu, manta daban ne ɗungurungum. Yawancin Honda Accord masu silinda huɗu daga 2013 da yawancin Corolla na Amurka daga 2014 irin wannan giya suke da ita. Honda tana bukatar HCF-2, Nissan NS-2 ko NS-3, Toyota kuma TC ko FE. Zuba man otomatik na yau da kullum a cikinta yana sa ɗamarar ta riƙa zamewa har ta goge fulan. Launi ba ma'auni ba ne, domin rini ne ake sakawa: akwai ja, NS-2 kore ne, wani man Mercedes-Benz kuma shuɗi. Giyar hannu ma tana da nata sharaɗi. Inda littafi ya ce GL-4, zuba GL-5 yana iya cutar da zobban tagulla da ke daidaita shigar giya.

Juyen man giya na yau da kullum yana fitar da kashi ɗaya bisa uku zuwa rabi ne kawai, sauran yana maƙale a ciki. Sababbin giyoyi da yawa ba su da gejin duba mai, ana auna cikarsu ne ta wani kusa a ƙasa yayin da man yake kan ƙayyadadden zafi, aikin da ke bukatar kwamfutar duba mota. Furucin cewa man giya na tsawon rayuwar mota ne bai shafi motar haya ko ta dakon kaya ba, domin jadawalin Toyota na Amurka ya sanya mil 60,000 ga motar da ke jan nauyi. Giyar da ta riga ta fara zamewa, manta ya yi baƙi yana ƙauri, sabon mai ba zai warkar da ita ba.

Matsalar jabu

Araha ba ta ado. Masu jabu suna tara galan ɗin manyan kamfanoni su cika su da tataccen tsohon mai, ko da tushen mai zalla wanda babu sinadarin ƙari a cikinsa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, tana ba kayan gida shaidar MANCAP, na waje kuma SONCAP, yayin da hukumar NMDPRA, wadda dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa, take bayar da lasisin masana'antun haɗa mai. Ya kamata mai saye ya nufi gidan man kamfani ko dilan da kamfani ya amince da shi, ya duba hatimin murfi da lambar zubi da ranar haɗawa, ya karɓi rasit, ya guji man da ake aunawa daga durom a bakin titi. Wakilinsa ya tsaya a buɗe galan a gabansa, bayan an juye kuma a huda shi don kada ya koma hannun 'yan jabu.

Kamfanin da ke da motoci da yawa zai amfana da buɗe wa kowace mota kati, a rubuta kaurin manta da darajar API da sunan man giyarta kamar yadda littafinta ya faɗa, tare da ranar juye da adadin mil ko kilomita. Da wannan kati ne akanta zai gane motar da ke shan mai fiye da 'yan'uwanta tun kafin injinta ya buga, kuma ranar da za a sayar da ita, shi ne shaidar da za a ɗora a gaban mai saye wajen ciniki.