Daga "Touché" Zuwa "Na Ba Ka Gari"

A darasinmu na Ingilishi mun gamu da wata kalma mai ban sha'awa, watau touché. Ana faɗinta kamar "tushe", amma babu abin da ya haɗa ta da tushen itace. Ingilishi ya aro ta ne daga Faransanci, ma'anarta kuwa "an taɓa".

Asalinta daga wasan takobi ne, wanda ake yi a gasar Olamfik tun 1896. Mutum biyu za su fuskanci juna, kowa yana neman ya taɓa abokin karawarsa da takobi. Wanda aka taɓa shi ne zai ce touché da bakinsa, ko da alƙali bai gani ba. Sai a 1936 aka shigo da na'urar lantarki mai nuna taɓawar a wani rukunin wasan a Olamfik. Kalmar kuwa ta bar fili ta shiga hira. In ana gardama, wani ya kawo hujja mai kaifi, sai abokinsa ya ce touché, watau "ka kama ni".

To, mu Hausawa fa? Muna da tamu. Duk wanda ya tashi a Rabah ya san kacici-kacici da dare a tsakar gida. In amsa ta gagare ka, sai ka ce, "Na ba ka gari." Ka ba shi Wurno, in ya raina ka ƙara masa Sakkwato, sa'an nan ya faɗi amsar. Ka rasa gari, amma ka samu sani.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne, a zangon da ya wuce wasu abokaina biyu sun yi musu a ɗakin kwana a kan wani lissafi. Aka buɗe littafi, gaskiya ta fito, amma wanda ya yi kuskure ya ƙi sallamawa. Har yau ba sa ga-maciji, ga shi jarrabawa ta matso, kuma dā tare suke bita.

'Yan'uwana ɗalibai, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Iyayenmu kuma, in yaro ya ce "na yi kuskure", a yaba masa, kada a yi masa dariya. Allah ya ba mu ikon karɓar gaskiya, amin.