DARASI: WANDA YA IYA FAƊUWA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

Bayan haka, ya 'yan'uwa, kowa ya san halin da samarinmu na Alakos ke shiga da zarar an ɗaure damman gero an zuba a rumbu. Wasu su tafi cin rani Damagaram ko Kano, sauran kuwa sai zaman banza, sai tunani da saurin fushi, wani ma har ya faɗa wa ƙwaya. Jikin da ya saba da hauya, in an bar shi haka nan, kan zuciya yake juyowa.

Kokowa ba baƙuwa ba ce gare mu. Tun shekarar 1975 jihohin Nijar suke takarar takobi. Akwai wata 'yar'uwarta daga ƙasar Japan da ake kira judo, wadda wani malamin makaranta, Jigoro Kano, ya kafa a Tokyo a 1882 (sunansa ke nan, bai haɗa kome da birnin Dabo ba). Ƙaramin jiki gare shi yana yaro, abokan karatu suna cin zalinsa. An shigar da ita wasannin Olamfik a 1964.

Abin da aka fara koya wa almajirin judo shi ne faɗuwa, ba kayarwa ba: ya sunkuyar da haɓa kada ƙeyarsa ta bugu, ya doki shimfiɗa da hannu, ya miƙe. Yaron da aka kayar sau ashirin a yamma ɗaya a gaban tsaransa, kuma ya ga sama ba ta faɗo ba, ba zai ƙi cin tuwo don ya faɗi jarrabawa ba. Haka kuma wanda aka shaƙe, in ya bubbuga abokinsa sau biyu, wajibi ne a sake shi nan take, kome zafin rai. A ganina wannan ne darasi mafi nauyi, domin Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Annabi (SAW) ya jingina ƙarfi na gaskiya ga mallakar kai lokacin fushi, sama da kayar da mutane.

Likitoci sun tabbatar motsa jiki yana gyara barci, yana rage damuwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 60 kullum ga yara. Amma wanda ciwon damuwa ya kama sosai, a kai shi asibiti tare da addu'a.

Saura gyara biyu. Layu da guraye irin na filin kokowa, judo ba ta san su ba, kada mu kai mata. Ita kuma tana da gaisuwar sunkuyawa mai kama da ruku'u, abin da malamai suka hana a yi wa mahaluki. Mai koyar da 'ya'yanmu ya musanya ta da musafaha, kuma ya tsayar da wasa in an kira sallar magariba. Allah ne Mafi sani.