Auna Kasuwa Kafin Zuba Jari

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya sanya albarka a cikin neman halal, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata asara da ta yawaita a tsakaninmu. Mutum zai sayar da gonar gado, ko ya ci bashin ɗan uwansa, ya sayi injin niƙa don kawai ya ga maƙwabcinsa yana samu. Kafin shekara ta zagayo injin ya yi tsatsa a zaure, bashi yana nan, zumunci ya lalace, shi kuwa ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta ɗauke wa bawa nauyin riƙon sababi. Hadisin Mugira ɗan Shu'uba da Buhari da Muslim suka ruwaito ya lissafa tozarta dukiya cikin abubuwa uku da Allah yake ƙi.

Mu dubi Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya yarda da shi. Da ya isa Madina ba shi da kome, Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Sai ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa kasuwa. Ranar nan da ɗan man shanu da cuku ya dawo, daga bisani ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Kasuwa ya fara sani, kuma da kaɗan ya soma. Daga nan muke ɗaukar matakai huɗu.

Na farko, tambaya. Wanda ya ƙudurta wata sana'a ya zauna inda ake yin ta, ya ƙirga masu saye, ya tambaye su inda suke saye yanzu, nawa suke biya, da abin da yake damunsu game da kayan. Yabon aboki ba hujja ba ne, domin kunya takan sa ya ce maka madalla. Allah ya umurci Manzonsa (SAW) da yin shawara a aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana, balle mu.

Na biyu, gwaji da kaɗan. Matar da take son sayen injin matsar man gyaɗa ta fara sayen tiya goma, ta kai injin wani, ta sayar da man da ƙuli-ƙulin ranakun kasuwa uku ko huɗu. Ta rubuta kuɗin gyaɗa, da niƙa, da itace, da mota, da harajin kasuwa, sannan ta ga abin da ya rage. In aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, to rubuta lissafin sana'a ba abin rainawa ba ne.

Na uku, shaidar da ta fi ƙarfi ita ce mai saye ya miƙa kuɗinsa. Shari'a ta buɗe mana ƙofar cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya. Ibnu Abbas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna yin sa a kan ƴaƴan itace, sai ya shardanta a san mudu, a san nauyi, a san wa'adi. A mazhabar Imam Malik ana miƙa kuɗin a wurin ƙulla ciniki, ko cikin kwana 3, wa'adin kuma ba ya kasa kwana 15, sannan kayan su zama waɗanda aka siffanta a wuyan mai sayarwa, ba amfanin wata ayyananniyar gona ba. Ta haka mai sana'a yake sanin akwai masu so kafin ya kashe jari. Amma sayar da abin da ba a san kamarsa ko lokacin samuwarsa ba, wannan garari ne, cinikin biri a sama, kuma an hana shi.

Na huɗu, a tambayi abin da zai iya karya sana'ar. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan waje suka yi tsada. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ƴan kasuwar Maraɗi da Konni suka ji a jikinsu. Albasar Galmi kuwa takan faɗi lokacin girbi ta tashi bayan watanni, wanda bai tanadi wurin ajiya ba sai ya sayar da arha ko ta ruɓe masa. Mai hankali ya san daga ina kayansa suke fitowa, da abin da zai yi in hanyar ta toshe.

Nauyin ya fi tsanani in dukiyar ta wani ce. A ƙiradi asara tana kan mai jari matuƙar mai juya kuɗin bai yi sakaci ko ƙetare sharaɗi ba. Saboda haka mai neman jarin ɗan uwansa ya faɗa masa sakamakon gwajinsa, mai daɗi da marar daɗi. Waliyyin marayu kuma ya ji tsoron Allah, kada ya yi gwaji da gadonsu.

Bayan wannan duka sai a yi sallar istihara raka'a biyu kamar yadda Jabir ɗan Abdullahi ya ruwaito, a dogara ga Allah. In gwaji ya nuna babu kasuwa, a haƙura a nemi wata hanya: asarar tiya goma ta fi asarar gona sauƙi.

Allah ya azurta mu da halal mai albarka, ya tsare mu daga nauyin bashi. Allah ne mafi sani.