Amsoshin Tambayoyinku: Me Masu Binciken Zaman Lafiya Suke Tsinana wa 'Yan Majalisa?

Tambaya: Ina yawan ji a rediyo ana cewa wata cibiyar binciken zaman lafiya ta fitar da rahoto. Waɗannan cibiyoyi ba su da soja, ba su da ƙuri'a a majalisa. To, wane amfani suke yi wa 'yan majalisa idan magana ta zo kan yaƙi da rikicin ƙasa da ƙasa? Daga wani mai karatu a Katsina.

Amsa: Malam, gaskiyarka, ba su da bindiga, ba su da ƙuri'a. Abin da suke da shi shi ne bayanin da bai fito daga bakin gwamnati ba, kuma ranar da za a yanke shawarar yaƙi, ɗan majalisa ba shi da buƙatar da ta fi wannan.

Dubi halin da yake ciki. An zaɓe shi ne saboda hanya da asibiti da taki. Rana ɗaya sai a ajiye masa takarda: a tura soja ƙasa kaza, ko a sayar wa wata ƙasa jiragen yaƙi. Wanda ya kawo buƙatar, wato ɓangaren shugaban ƙasa, shi ne kuma yake riƙe da janar-janar da jami'an leƙen asiri da jakadu. Idan mai neman izini shi kaɗai ne mai ba da labari, majalisa ta koma 'yar amshin Shata. Wannan giɓin ne cibiyoyin suke ƙoƙarin cikewa.

Aikinsu na yau da kullum shi ne ƙirga. Cibiyar SIPRI da ke Sitokholm, wadda ƙasar Suwidin ta kafa a 1966 don tunawa da shekara 150 da ta yi ba ta shiga yaƙi ba, tana bin diddigin kuɗin da ƙasashe ke kashewa a kan soja da kuma wa ya sayar wa wa da makamai. Ita ce ta lissafa cewa a 2023 duniya ta kashe dala biliyan 2,443 a harkar soja. Ita ce kuma ta nuna cewa daga 2015 zuwa 2019, lokacin da yaƙin Yaman yake ci, Saudiyya ce kan gaba a duniya wajen sayo manyan makamai, kuma kashi 73 cikin 100 daga Amurka suka fito. Ɗan majalisar da ya riƙe irin wannan adadi, minista ba zai sallame shi da "ana kan duba lamarin" ba. A jami'ar Uppsala kuwa, masu bincike sun ajiye ma'auni: faɗan da ya ci rai 25 a fagen daga cikin shekara sun sa shi a jerin rikicin makamai, idan ya kai 1,000 sun kira shi yaƙi. Amfanin ma'aunin shi ne gwamnati ba za ta kira yaƙi "ɗan hargitsi" don ta guje wa tambaya ba.

A Jamus abin ya fi tsari. Tun bayan hukuncin kotun tsarin mulkin ƙasar na 1994, ba a tura sojan Jamus aikin makamai a waje sai da yardar majalisar Bundestag, kuma galibi izinin na shekara ɗaya ne, sai a dawo a sabunta. Sojojinsu da suka zauna a Gao ta Mali har zuwa ƙarshen 2023, da wannan izinin suka zauna. Tun 1987 manyan cibiyoyin binciken zaman lafiya na ƙasar suke haɗuwa su fitar da rahoto ɗaya duk shekara, su kai shi babban birnin ƙasar, su zauna da jam'iyyun majalisa da ma'aikatu a tattauna. Ɗan majalisa yana jin ta bakin ma'aikatar tsaro, yana kuma jin ta bakin waɗanda ba ma'aikatar ce ke ba su umarni ba.

Misalin da na fi so in tsaya a kansa na Amurka ne, domin ya nuna ƙarfin aikin da kuma iyakarsa. Majalisar dokokin ƙasar ce da kanta ta kafa cibiyar zaman lafiya ta USIP a 1984. A 2006, da yaƙin Iraƙi ya rincaɓe, manyan jam'iyyun ƙasar biyu kowace na ɗora wa 'yar'uwarta laifi, sai wani ɗan majalisa, Frank Wolf, ya nemi a samo dattawan da za su duba lamarin da sabon ido. Aka haɗa mutum goma, biyar daga kowace jam'iyya, ƙarƙashin James Baker da Lee Hamilton. USIP ce ta jagoranci hidimar: ta tara masana, ta shirya zama, ta haɗa takardu. A watan Disamba suka fitar da shawarwari 79, ciki har da a yi magana da Iran da Siriya, a kuma shirya janye dakarun yaƙi zuwa farkon 2008. Wata ɗaya bayan haka Shugaba George W. Bush ya sanar da ƙarin soja sama da 20,000. Haka aka sake yi a 2021: wani kwamitin nazari irin wannan kan Afganistan ya ba da shawarar a ɗage wa'adin janye soja daga can har sai an cika sharuɗɗa, Shugaba Biden ya janye a shekarar.

Za ka ce to aikin banza ke nan. Ni ban ga haka ba. An ƙi shawarar, amma 'yan majalisa sun samu takarda ɗaya da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu, wadda ta faɗi a fili cewa al'amura na taɓarɓarewa, kuma da ita suka riƙa yi wa jami'an gwamnati tambayoyi. Mai mulki ya yi abin da ya ga dama, sai dai ba zai ce ba a faɗa masa ba.

Akwai abin lura. Yawancin cibiyoyin nan da kuɗin gwamnati suke rayuwa, kuma mai ba ka abinci yana iya janye kwano. A Maris na 2025 gwamnatin Trump ta karɓe ginin USIP ta kori shugabanninta da mafi yawan ma'aikata, har magana ta kai kotu. Saboda haka duk rahoton da ka ji, tambayi wa ya biya kuɗinsa, kuma ko masu binciken sun taka ƙafa zuwa inda suke magana a kai.

Mu ma abin ya taɓa zuwa ƙofar gidanmu. Tsarin mulkin 1999 ya hana tura sojan Nijeriya yaƙi a waje ba da yardar Majalisar Dattawa ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Shugaba Tinubu ya rubuta wa sanatoci kan matakan ECOWAS, har da shirin amfani da ƙarfin soja. Ranar 5 ga Agusta suka ce a bi hanyar siyasa da diflomasiyya. Sanatocin Arewa sun san abin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi na jini da aure da kasuwa, ba sai an karanta musu ba. Amma gobe rikicin zai iya zama a ƙasar da babu sanatan da yake da dangi a cikinta. Muna da cibiyar zaman lafiya da sasanta rikici ta IPCR a Abuja tun 2000, sai dai tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje ne. Abin da nake so in gani shi ne kwamitocin tsaro da na harkokin waje su riƙa kiran masananta da na jami'o'inmu zaman sauraron bahasi a bainar jama'a, tun kafin wasiƙar shugaban ƙasa ta iso.