Harshe uku a bakin baƙo: marubutan Italiya a Amurka

Tsakanin 1880 da 1924, Italiyawa kimanin miliyan 4 suka ƙaura zuwa Amurka, galibinsu manoma daga kudancin ƙasar. Mafi yawansu karin harshen yankinsu suka fi ji, irin na Napoli ko na Sisiliya, ba daidaitaccen Italiyanci ba. Saboda haka duk wanda ya ɗauki alƙalami a cikinsu sai ya fara zaɓen harshe, zaɓen nan kuma shi ke tantance masa masu karatu.

Wasu sun rungumi Ingilishi. Pascal D'Angelo ya isa a 1910 yana ɗan shekara 16, ya yi aikin lebura a hanyoyi da layin dogo, ya koya wa kansa harshen da taimakon wani tsohon ƙamus, har ya wallafa tarihin rayuwarsa, Son of Italy, a 1924. Manazarta sun yaba masa, amma akasarin leburorin da yake ba da labarinsu ba su iya karanta littafin ba. Ya rasu cikin talauci a 1932.

Arturo Giovannitti kuwa ya riƙe harsuna biyu. Da Italiyanci yake gudanar da jaridar ma'aikata, Il Proletario. Amma da aka jefa shi gidan kaso lokacin yajin aikin masaƙun garin Lawrence a 1912, da Ingilishi ya tsara waƙarsa The Walker, harshen alƙalai da jama'ar da ke bin shari'ar.

Tafarki na uku ya fi jan hankalin mai nazarin harshe. Eduardo Migliaccio, wanda aka sani da Farfariello, yana rubuta gajerun wasannin barkwanci ga baƙin Niyok cikin karin Napoli gauraye da kalmomin aro. A wannan magana job ta koma giobba, boss ya koma bosso, Brooklyn ta koma Broccolino. Sauyin yana da ƙa'ida: kalmar Italiyanci da wasali take ƙarewa galibi, don haka ake liƙa wa aron wasali, kamar yadda Hausa ta yi wa "tikiti" da "benci".

Dokar 1924 ta taƙaita shigar baƙi, ƴaƴan da aka haifa can suka koma Ingilishi, gaurayen ya yi ta ja da baya. Rubuce-rubucen da a da ake ɗauka gurɓataccen harshe ne, yau su ne manyan shaidun yadda talakan baƙi suka yi magana.