MUDUN AWON SAUTI

Kowa ya san mudun wata kasuwa ba lalle ne ya zo daidai da na wata ba. To, haka sautin kayan kiɗa ya kasance a ƙasashen Turai shekaru aru-aru. Nufina in bayyana wa 'yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu yadda aka sami mudu guda na awon sauti, da inda abin ya shafi makaɗanmu.

A darasin kimiyya an koya mana cewa sauti karkarwa ce. In tsirkiya ta yi karkarwa da sauri sai muryarta ta yi siriri, in kuwa a hankali sai ta yi kauri. Turawa sun laƙaba wa muryoyin kiɗansu haruffa, kuma da wadda suke kira A suke daidaita sauran. Amma a da kowane gari da irin tasa A. Mabushi sai ya je baƙon gari ya iske sarewarsa ta ƙi shiga da kiɗan mutanen wurin.

A 1711 wani mabushi a Ingila, John Shore, ya ƙera ɗan ƙarfe mai kama da gwafa, wanda in an buga shi yake ba da murya guda. Duk da haka rigima ba ta ƙare ba, don makaɗa sun yi ta ɗaga sauti domin kiɗa ya ƙara zaƙi, mawaƙa kuwa suna kukan maƙogwaronsu zai tsage. Saboda haka a 1859 gwamnatin Faransa ta kafa doka, A ta zama karkarwa 435 cikin daƙiƙa guda. A 1939 aka yi taro a Landan aka tsai da 440, kana hukumar ma'aunai ta duniya, watau ISO, ta karɓi wannan a 1955.

Amfanin abin a fili yake. In badujala tana busa taken ƙasa a Dandalin Murtala nan Kaduna, ko da masana'antu dabam-dabam suka ƙera kayan, murya guda za ka ji.

Makaɗanmu kuwa mudunsu dabam ne. A wuraren biki a unguwarmu Kinkinau na lura mai goge da kunne yake ɗaure izgarsa, har ta dace da muryar mawaƙi. Da damina fatar ganga takan saki, sai a shanya ta ko a kara ta a wuta. Mai kalangu kuma matse shi yake yi a hammata, yana bin hawa da saukar maganar Hausa. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos da kalangun makaɗan marigayi Mamman Shata ba su san wata 440 ba, ga shi waƙoƙinsu sun game ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne, yanzu in an haɗa goge da fiyano wajen ɗaukar waƙa, goge ne ake sa shi ya bi, har wasu samari na cewa kayan gargajiya ba su da saiti. Wannan ba haka ba ne. Lambar 440 yarjejeniya ce kawai, ko a Turai akwai masu kiɗa da 442 ko 443 har yanzu. A ganina mu koyi mudun duniya don mu iya kiɗa da kowa, mu kuma riƙe namu, domin kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.