Ƙarfe mai huji a adakar kaka

Tambaya: Malam, na tsinci wani farin ƙarfe a adakar kakata: zagayayye, da huji a tsakiya, tauraro a gefe guda, ɗaya gefen da kambi da rubutun Larabci. Wani ya ce laya ce, wani ya taya. Mene ne, kuma na gaske ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya jiƙan kaka. Siffar nan ta kuɗin Turawan mulkin mallaka ce, waɗanda aka fara bugawa a 1907: anini, dari ko kwabo. Hujin don a zura su a zare ne.

Duba gefen tauraron mai tsini shida, za ki ga shekara. Gefen kambin kuwa akwai sunan sarkin Ingila da darajar kuɗin. Babu hoton kai. Kanga masa maganaɗisu: na gaske ba ya mannewa. Kai wa maƙerin zinariya ya auna. Farin kwabo ya ɗan haura giram 9. Haruffan su fito tas; idan sun cakuɗe, ko bakinsa yana da layin haɗi, zubi ne, ba na gaske ba.

Kada ki goge shi da toka ko lemun tsami, darajarsa za ki kankare. An buga miliyoyinsu, har da na Sarki Edward VIII na 1936, don haka yawancinsu ba su da tsada. Mai yi miki alkawarin miliyoyi amma sai kin biya kuɗin gwaji, ɗan damfara ne.

Ɗauki hoton fuskokinsa biyu, ki nuna wa ma'aikatan gidan tarihi, kamar Gidan Makama a Kano. Sannan ki shawarci sauran magada kafin maganar sayarwa.